Kitson kakanni ya dawo yayi, amma ina makitsan Batsari da Safana?

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram a lokacin bukukuwa ya san irin hoton. Amarya ce zaune ranar kamu, an yi mata kitso irin na kakarta, an jera mata wuri a goshi, an sako mata taura a gefen kunne, ƙawaye na ta zuba yabo a ƙasan hoton. Ranar 26 ga Agusta ma, wato Ranar Hausa ta Duniya da aka fara raya ta a 2015, haka 'yan mata ke fitowa cikin saƙi da kwalliyar da.

Wannan abin farin ciki ne. Shekaru kaɗan da suka wuce, yarinyar birni ba za ta yarda a gan ta da irin wannan kitso ba, don kada a ce mata baƙauya. Yau ita ke biyan kuɗi a yi mata.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: wa ya yi kitson, kuma a ina ta koya? Galibi a shagon gyaran gashi ne a Kano ko Abuja ko cikin Katsina. Mai shagon ta kalli tsohon hoto a waya ta kwaikwaya, ta ciko da gashin doki, ta ƙarasa da ƙarfen zafi. Daga nesa ya yi kama, amma kama da wane ba ta wane.

A daidai wannan lokaci, matan da suka gaji ainihin aikin daga iyayensu, irin tsofaffin makitsan ƙauyukan Batsari da Safana, da yawansu ba sa ƙauyukan. Rikicin 'yan bindiga ya tarwatsa su. Wasu na raɓe a gidajen 'yan'uwa cikin garin Batsari, wasu a Dutsin-Ma, wasu a kangwayen gefen birnin Katsina.

Ra'ayina shi ne, tunda har mun dawo muna son kitson da, to ya zama wajibi mu nemi masu shi. Mu biya su, mu koya a hannunsu, mu adana abin da suka sani tun suna da rai. Idan muka ɗauki adon muka bar masu adon suna bara, to mun yi kitso da ƙwarƙwata.

Abin da kan mace ke faɗa

A ƙasar Hausa, kitso yana bin mace tun daga ƙuruciya har kabari. Ƙaramar yarinya ana fara kama mata 'yan ƙananan kalaba da zarar gashi ya kai a kama. Ana gobe Sallah gidan makitsiya ba ya da masaka tsinke, yara na layi har dare. Amarya tana da nata kitson. Mai jego tana yin na suna, ta sake yin wani idan ta gama wanka ta yi arba'in.

Matar da mijinta ya rasu tana ajiye ado wata huɗu da kwana goma. Ranar da ta fita takaba, cikin abubuwan farko da ake yi mata akwai wanke kai da kitso, alamar ta dawo cikin mutane. Idan kuma mace ta cika, masu wanka kan raba gashinta su kitse shi gida uku, kamar yadda ya zo a hadisin wankan 'yar Manzon Allah (SAW).

Kowane salo da sunansa. Akwai zane, wanda ake kwantar da shi layi-layi a jikin fatar kai. Akwai doka, wadda ake sa ɗan gammo a tsakiyar kai a kitse gashi a kansa, ya tashi daga goshi zuwa ƙeya, a shafe shi da man shanu, wani lokaci har da shuni don ya yi baƙi yana sheƙi. Akwai taura da ke saukowa ta gefen fuska. Yara maza suna da zanko da tukku, samarin Fulani kuma suna da bijaji. Irin waɗannan kalmomi suna nan cikin ƙamusun Bargery na 1934, amma ku gwada tambayar ɗalibar sakandare a yau ma'anar doka, za ta ce muku abin da majalisa ke kafawa.

Aro ma ba sabon abu ba ne. Shuku daga ƙasar Yarbawa ya zo mana. Kalaba kuwa sunanta ma ya nuna garin da aka danganta ta da shi. Hannun makitsanmu ya karɓe su ya mayar da su namu. Don haka ba ina kiran a rufe ƙofa ga sabon salo ba ne. Ina cewa ne kada baƙo ya shigo a kori mai gida.

Idan aka koma can baya, gumakan yumɓu na Nok da aka haƙo a kudancin Kaduna, waɗanda suka haura shekara 2,000, abin da ya fi jan ido a jikinsu shi ne gyaran gashi: tukkaye da naɗe-naɗe da layuka tsaf. Wannan fasaha ta daɗe a arewacin Nijeriya fiye da duk wata masarauta da muka sani.

Lanƙwasa gashi ba wuta

Yayin da ya fi tashe yanzu shi ne gashi mai lanƙwasa irin na tsofaffin finafinai. Amare na so a nannaɗe musu gaban gashi ya leƙo ta ƙasan ɗankwali, ko a sake shi yana igiya-igiya ranar walimar mata.

Turawa ma suna da nasu yayin na komawa baya. A 1872 wani mai gyaran gashi a birnin Paris, Marcel Grateau, ya fito da dabarar ɗumama ƙarfe a matse gashi da shi ya yi tudu da kwari. A 1906 wani Bajamushe, Karl Nessler, ya nuna a Landan yadda za a haɗa sinadari da zafi lanƙwasar ta daɗe. A shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, matan Amurka da Ingila sun yi yayin naɗe gaban gashi kamar gammo. Da yawansu ba su da kuɗin zuwa shago, sai su jiƙa gashi da dare, su murɗe shi a yatsa, su soke da fil, su kwana da shi. Da safe su warware.

Wannan dabara ta ƙarshe ita ce kakanninmu suka sani ta tasu hanyar. Sirrin yana cikin gashin kansa. Kowane silin gashi yana da ɗauri iri biyu a cikinsa. Akwai mai rauni wanda ruwa ko zafi ke kwancewa, ya sake ɗaurewa idan gashin ya bushe ko ya huce, a duk siffar da aka bar shi. Akwai kuma mai ƙarfi wanda sai sinadari ke iya tsinka shi.

Shi ya sa idan aka kitse gashi da ɗan danshinsa, aka bari ya bushe sarai, ranar tsifa sai ya fito a lanƙwashe. Ƙananan kalaba suna ba da lanƙwasa ƙanana masu yawa. Manya suna ba da mai faɗi. Idan aka murɗe gashi gida-gida aka naɗe kowane gida a kan kansa kamar dodon koɗi, sai ya fito da zobe-zobe. Idan kuma miƙewa ake so, kitson zare yana miƙar da gashi ba tare da ya ga wuta ba. Tsohuwar makitsiya ba ta san sunan sinadarin da ke cikin gashi ba, amma hannunta ya san yawan danshin da ya dace, da girman kamun da zai ba da abin da ake so, da kwanakin da za a jira.

Kayan aikinta kuma a bayan ɗaki suke: kibiyar tsaga, da mashaci, da karkashi na wanke kai wanda yauƙinsa ke warware cukurkuɗewa, da man shanu ko man kaɗanya. Ba ta jiran a kawo wuta, ba ta sayen fetur.

Farashin gaggawa

Hanyar shago ta fi sauri, wannan gaskiya ne. Cikin awa ɗaya an gama abin da zai ɗauki kwana biyu ko uku a hanyar da. Amma gaggawar tana da farashi.

Ƙarfen miƙar da gashi ko nannaɗe shi yana iya kai wa zafin digiri 200 zuwa 230. Wannan ya ninka zafin tafasasshen ruwa. Idan ana yawan yi, sai gashin ya bushe, bakinsa ya tsage, ya riƙa karyewa. Abin da ya ƙone kuma ba ya gyaruwa, sai dai a jira sabo ya fito, gashi kuwa kimanin santimita ɗaya yake yi a wata.

Man miƙar da gashi, wanda ake kira rilaksa, shi ke tsinka ɗaurin nan mai ƙarfi. Wasu daga cikin irinsa da soda ake yin su, dangin wadda ake haɗa sabulu da ita. Duk macen da ta taɓa ƙonewa a fatar kai bayan an shafa mata ta san ƙarfinsa.

A watan Oktoban 2022, masu bincike a cibiyar nazarin lafiya ta gwamnatin Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000 na kusan shekara 11. Sun gano cewa matan da ke amfani da man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka sauran haɗarin kamuwa da sankarar mahaifa. Ƙiyasinsu shi ne, cikin waɗanda ba sa amfani da shi kusan kashi 1.6 cikin 100 za su kamu kafin shekara 70, cikin masu yawan amfani kuma kusan kashi 4. Alaƙa binciken ya nuna, bai yanke cewa man ne kaɗai sanadi ba. Amma uwar da ke shafa wa 'yar shekara bakwai wannan mai don kitson Sallah ya yi laushi, ya kamata ta san da labarin.

Sai matsalar cinyewar gaban goshi. Binciken da likitar fata Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya samu kusan mace ɗaya cikin uku da wannan zubewar gashi da ja ke haddasawa. Haɗarin ya fi yawa idan aka ja gashin da aka riga aka sa wa rilaksa, musamman idan an ɗora masa nauyin ƙari. Wato daidai abin da ake yi wa amarenmu da sunan kitson gargajiya.

Ta fuskar addini ma, hadisin da ya yi hani mai tsanani ga mai ƙarin gashi da wadda ake ƙara wa yana cikin Bukhari da Muslim, kuma malamanmu sun daɗe suna karantar da shi. Kitson da mace ta yi da gashin kanta kuwa, littattafan fiƙihun da muke karantawa a zaure sun sauƙaƙa mata, ba sai ta warware shi ba kafin wankan tsarki matuƙar ruwa na ratsawa. Ashe kitson da ya fi tsufa shi ya fi sauƙin zama da shi.

Abin da rikici ya cinye

Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, kudu maso yamma da birnin Katsina. Ƙasa ce ta noma da kiwo, inda Bahaushe da Bafulatani suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya. Shekarun baya-bayan nan kuwa sunan yankin ba ya fitowa a labarai sai da jini.

A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari a dare ɗaya. Tun kafin nan, a 2019, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum 40,000 daga Katsina da Zamfara da Sakkwato sun tsallaka yankin Maraɗi. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Batsari da Safana, aka shafe watanni a haka. Lokacin da 'yan matan birni ke koyon "kitson kaka" a waya, jikokin kakar na gaskiya ko kiran waya ba sa iya yi.

Ana ƙirga gawa, ana ƙirga shanu da buhunan hatsi. Abin da ba a ƙirgawa shi ne ilimin da ke tafiya idan ƙauye ya watse. Kitso ba a littafi yake ba. Yarinya tana koyonsa ne a zaune gefen uwarta ko gwaggonta, tana miƙa kibiya, tana kallon yatsu, daga baya a ba ta kan ƙanwarta ta gwada. Wannan yana buƙatar tsakar gida, da inuwa, da kwanciyar hankalin yini guda. Macen da ke kwana da takalmi a ƙafa don shirin gudu ba ta da wannan yinin. Ta kama gashin 'yarta gida biyu ta ɗaure, shi ke nan.

Gidan makitsiya kuma majalisar mata ce. A nan ake jin wadda ba ta da lafiya, da wadda aka kai kuɗin aurenta, da wadda ke cikin matsi a gidan miji. Yarinya ta kwantar da kai a cinyar tsohuwa tana cewa, "Gwaggo, a sassauta hannu," tsohuwa na cewa, "Yi haƙuri ɗiyata, saura layi biyu," kafin a gama an yi mata faɗan da uwarta ke jin nauyin yi mata. Macen da ta ga abin da ido bai kamata ya gani ba, sau da yawa a irin wannan zama take fara buɗe baki.

Akwai kuma wata igiya da ta tsinke. Bafulatanar da ke kawo nono da man shanu cikin gari ta saba shiga gidaje har ƙurya. Man da ke kan Bahaushiya daga ƙwaryarta ya fito. 'Yan matan gari sun kwaikwayi salon kitsonta da yadda take jera tsofaffin sulalla da duwatsun ado a gashi, ita ma ta ɗauki nasu. Rikici ya sa wannan shige da fice ya ragu ƙwarai, zargi ya maye gurbin gaisuwa. A 2025 an yi zaman sulhu tsakanin al'ummomi da masu ɗauke da makamai a wasu ƙananan hukumomin yankin, har da Batsari da Safana. Kowa da ra'ayinsa a kan wannan sulhu. Amma duk zaman lafiyar da ya tsaya a taron maza ƙarƙashin bishiya, bai kai ga matan ɓangarorin biyu sun koma shiga gidajen juna ba, da sauransa.

Ado ko ba'a?

Wani abin da ya kamata mu kalla da idon basira shi ne yadda birni ke sa kayan ƙauye. Bikin da ake kira ranar ƙauyawa ya yaɗu a bukukuwan aure, inda samari da 'yan mata ke shigar mutanen karkara, su yi kitso birkice, su cika fuska da ɗige-ɗigen kwalli, suna magana a karkace ana dariya. A 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta sanar da haramta shi.

Ko da hani ko babu, tambayar tana nan. Mutanen da ake kwaikwaya don a yi dariya su ne waɗanda ke noma abin da muke ci, kuma su ne aka kora daga gidajensu. Matar ƙauye ba ta taɓa fita biki da kai birkice ba. Takan yini a gaban makitsiya don layinta ya fita tsaf. Wadda ke son kitson kakarta don girmamawa daban, wadda ke sa shi don ba'a daban, kuma hanya mafi sauƙi ta gane bambancin ita ce a duba aljihun wa kuɗin ya shiga.

Masu cewa ba lokacinsa ba ne

Na san wani zai ce: ana kashe mutane, ana sace su, yara na fama da tamowa, ke kuma kina maganar kitso? Tambaya ce mai nauyi, kuma tsaro da abinci su ne gaba da komai. Amma a duba da kyau, maganar kitso maganar abinci ce. Matar da aka kashe mijinta aka bar ta da marayu a garin da ba nata ba, ba ta da gona, ba ta da jari. Abin da 'yan bindiga ba su iya ƙwacewa ba shi ne abin da ke yatsunta. Sana'o'i kaɗan ne mace za ta fara yau da tabarma da kibiya, ta samu na cefane kafin magariba, kuma a cikin gida, ba tare da ta fita titi tana miƙa hannu ba.

Wani zai ce ai kan mace a rufe yake, wa zai gani? Mijinta zai gani, 'yan'uwanta mata za su gani, ita ma za ta gani a madubi. Kakanninmu da suka ƙirƙiro waɗannan salo ba don titi suka yi su ba. Lulluɓi bai taɓa hana kitso ba.

Wata kuma za ta ce kitson da ma yana da nasa aibin, kuma ta yi gaskiya. Akwai makitsan da ke ja har sai ƙuraje sun fito a goshi, wai don ya daɗe. Akan bar kitso ya wuce wata ba a wanke ba, man shanu ya yi tsami, amosani da ƙwarƙwata su samu wurin zama. Kibiya ɗaya da mashaci ɗaya kan zagaye kawuna goma, makero ya bi yara. Doka ma akwai malaman da ke ganin ta shiga hanin tayar da kai kamar tozon raƙumi, kuma wadda ta gamsu da wannan sai ta bar ta, ga zane nan da ire-irensa. Ba duk abin da ya tsufa ne zuma ba. A ɗauki fasahar, a haɗa ta da tsafta da sassaucin hannu. Kitson da ya hana barci ko ya ɗaga fatar goshi ya yi tsauri, a sassauta shi a ranar.

Abin da za a iya yi

Na farko, adanawa. Wani mai ɗaukar hoto ɗan Nijeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya tara kusan 1,000 kafin rasuwarsa a 2014. An baje su a babban bikin zane-zane na birnin Venice a 2013. Da yawan hotunan ta baya ya ɗauke su, ba a ganin fuska. Wannan ya nuna mana hanya. Mata za su iya ɗaukar mata, da izini, ta ƙeya, ko a sa tsohuwa ta yi salon a kan roba irin wanda ake koyon kitso da shi. A rubuta sunan salon, da garin da aka san shi, da lokacin da ake yin sa, a naɗi muryarta tana bayani. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ce ta fi dacewa ta jagoranci wannan. Ɗalibai mata masu nazarin Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, za su iya mayar da shi aikin kundin kammala karatu. Waya ɗaya mai kyamara ta isa a fara.

Na biyu, koyarwa. Idan aka tashi shirin koya wa mata sana'a, kusan kullum abu ɗaya ne: ɗinki, sabulun ruwa, man shafawa, a raba takardar shaida a watse. A kitso kuwa ba sai an ɗauko malami daga nesa ba, malaman suna cikin waɗanda ake kira masu neman tallafi. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanci hukumar ƙananan sana'o'i ta ƙasa, SMEDAN, kafin ya zama gwamna, kuma ya kafa irinta a jiha, wato KASEDA. Ya san darajar sana'ar da ba ta cin jari. A ɗauki tsofaffin makitsa a matsayin masu koyarwa, a biya su, a haɗa kowace da 'yan mata kaɗan, a ƙara musu da darasin tsaftar kayan aiki daga ma'aikatan lafiya. Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, ta hannun dagatai da masu unguwanni da matansu, za su iya gano waɗannan mata cikin 'yan kwanaki.

Na uku, masu shagunan gyaran gashi. Ku ne kuke da kwastomomi, su kuma suke da abin da kwastomomin ke nema. Ki ajiye tsohuwa ɗaya a shagonki ranakun biki, ki ba ta kasonta na gaskiya, ki ambaci garinsu idan kin sa hoton aikin. Amaryar da ta ji cewa hannun 'yar Ruma ko 'yar Runka ne ya yi mata kitso za ta yi alfahari da shi fiye da wanda aka kwafo a waya.

Na huɗu, mu masu zuwa kitso. Muna biyan kuɗin shago ba musu, har mu ƙara da na wanda ya tayar da janareto. Amma idan maƙwabciya ce ta yini a kanmu har bayanta ya ƙage, sai mu tsaya ciniki, ko mu ce "zan aiko" mu manta. Wannan rainin ne ya sa 'ya'yan makitsa ba sa son gadon iyayensu. Yarinya ba za ta koyi sana'ar da ta ga uwarta ta tsufa a kanta ba ta da ko akuya ba.

Ga amaryar da ke shirin biki, shawara ɗaya: idan lanƙwasa kike so, a kama miki kalaba ko murɗe da ɗan danshi kwana biyu ko uku kafin ranar, ki tabbatar ya bushe sarai, a warware da yatsu da ɗan mai, kada a sa mashaci. Ki nemi tsohuwar da ta iya, a unguwarku ko cikin matan da suka yi gudun hijira zuwa garinku. Ki gaishe ta da girmamawa, ki tambaye ta sunan abin da take yi miki, ki biya ta kamar yadda za ki biya shago.

Yayi ba ya zama. Bana kitson kakanni ne, baɗi wani abu ne daban. Tsofaffin da suka san doka da taura kuma kullum raguwa suke yi, kowace ta tafi da abin da ke hannunta. Idan za a yi, yanzu ne da kasuwar ke ci kuma masu ilimin ke raye.

Allah Ya dawo da zaman lafiya Batsari da Safana da sauran yankunanmu, Ya mayar da kowa gidansa, har mata su sake samun yinin zama a inuwa a yi kitso ba tare da kunne na sauraron ƙarar babur ba.